Rukuni na 47: jiragen da suka fara sauka Kano, da inda lambarsu ta ƙare

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, da yamma, jirage uku suka sauka a filin da Turawan Kano ke wasan folo. Zamanin Sarki Usman ne. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya, kuma yawancin masu ba da labarin nan suke tsayawa: jirgi ya zo, mutane sun yi mamaki, shi ke nan. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne tambayar da ba a cika yi ba. Jiragen na wane ne, me ya kawo su, kuma ina suka nufa daga baya?

Na sojan saman Birtaniya ne, daga wani rukuni mai lamba 47 da ke zaune a Helwan, kudu da Alƙahira. Wanda ya bi sawun wannan lamba daga haihuwarta zuwa ranar da aka naɗe tutarta zai gane yadda rundunar sama take aiki fiye da wanda ya haddace sunayen jirage ɗari.

Abin da nake kira rukuni shi ne sojoji ke ce wa sikwadiron. Kalmar daga sojan doki aka aro ta, domin mahaya da yawa ne suka fara komawa matuƙa lokacin da Birtaniya ta kafa sashen jiragenta na soja a 1912. A Yaƙin Duniya na Ɗaya rukuni guda yakan riƙe jirage 12, daga baya 18, a raba su kashi uku. Sai dai matuƙa su ne 'yan tsiraru a ciki. Bayan kowane jirgi akwai bakaniken inji, da mai ɗinkin yadin fuka-fuki, da mai ɗora makami, da direba, da akawu, da kuku. Rukunai kaɗan su haɗu a ƙarƙashin kwamanda ɗaya, waɗannan kuma su haɗu a ƙarƙashin wani babba. Amma idan ka tambayi tsohon soja inda ya yi aiki, lambar rukuninsa zai faɗa maka. Nan ne gidansa.

An kafa na 47 ranar 1 ga Maris 1916 a wani gari mai suna Beverley a arewacin Ingila. Ku riƙe sunan garin, zai dawo. Cikin wannan shekarar aka tura shi Salonika ta ƙasar Girka, inda ya yi sauran yaƙin yana leƙen asirin sojan Bulgeriya yana jefa musu bom. Da aka gama a 1918 bai koma gida ba. Aka tura shi kudancin Rasha a 1919 ya taimaki Janar Denikin da ke yaƙar 'yan gurguzu, a ƙarƙashin wani matuƙi ɗan Kanada, Raymond Collishaw. A cikin jirgin ƙasa suke kwana, da kayan gyara da man jirgi duk a taragai, su bi layin dogo su tsaya inda suka ga fili.

A can ne wani abu ya faru da har yau ake ba da labarinsa. Ƙarshen Yulin 1919, kusa da Tsaritsyn, garin da daga baya aka sa wa suna Stalingrad, aka harbi jirage biyu daga ƙasa. Ɗaya ya sauka dole, mahayan abokan gaba suna sukuwa zuwa kansa. Ɗayan kuma harsashi ya huda masa tankin mai. Mutumin da ke kujerar baya, Mitchell, ya fita ya hau fiffike ya toshe hudojin da yatsunsa. Matuƙin, Anderson, ya sauka a haka, ya kwashi mutum biyun da suka faɗi, suka tashi su huɗu a jirgin mutum biyu, Mitchell yana maƙale a fiffike har suka isa gida. Irin wannan labari ne rukuni ke ajiyewa ya riƙa gaya wa sababbin shiga.

To ga inda lamarin lamba ya fara bayyana. Yaƙin Rasha ya zama abin kunya a siyasar Landan, gwamnati ba ta son a ce rundunarta na ciki. A Oktoban 1919 aka cire wa rukunin lambarsa, aka ba shi harafin A kawai, mutanen suka ci gaba da yaƙinsu kamar 'yan sa-kai. Lambar ta zauna ba mai ita wata huɗu. Ranar 1 ga Fabrairu 1920 aka wayi gari a Helwan aka ce wa wani rukuni dabam, na 206, daga yau ku ne 47. Mutanen ba su taɓa ganin Rasha ba, amma suka gaji tarihin. Shi kansa 206 ɗin asalinsa rukuni na 6 ne na sojan ruwa, aka ƙara masa 200 lokacin da aka haɗe jiragen sojan ƙasa da na ruwa ranar 1 ga Afrilu 1918. Abin ya fi kama da sarauta: mai riƙe da ita ya tafi, a naɗa wani, kirarin bai canja ba.

Waɗannan magada ne suka zo Kano. Jirginsu DH.9A, katako da yadi, fuka-fuki hawa biyu, kujera biyu a buɗe ba rufi, da inji ƙirar Amurka mai suna Liberty mai ƙarfin doki 400. A ƙasashen zafi sukan ƙara masa lagireto na biyu a ƙarƙashin hanci, su ɗaure safayar taya a jikinsa, kamar motar kasuwar ƙauye. Jagoran tafiyar Arthur Coningham, haifaffen Ostireliya da ya tashi a Niyu Zilan. Sun bar Helwan ranar 27 ga Oktoba, suka bi Nilu zuwa Khartum, suka juya yamma ta Al'ubayyid da Alfashir, suka ratsa Chadi ta Fort Lamy, wato Injamena ta yau, suka shigo ta Maiduguri. Daga Kano suka wuce Kaduna, sannan suka juya, suka isa gida ranar 19 ga Nuwamba.

Duk Bahaushen da ya ji jerin garuruwan nan ya san hanyar. Ita ce hanyar alhazai, wadda kakanninmu ke bi da ƙafa da jaki, wani ya shekara biyu, wani ya yi zamansa a Sudan bai ƙarasa ba. Turawan sun bi ta a juye cikin kwana shida. Ba su ƙirƙiro hanya ba. Inda rijiya take da gari da mai mulki da zai sa a share fili, nan ayari ke yada zango, nan kuma jirgi ke iya sauka.

Ba yawon buɗe ido suka zo ba. Awon hanya suka zo yi, da kuma nuna wa talakawan mulkin mallaka abin da Ingila ke da shi. Wannan fuska ta biyu ba a son faɗarta a bukukuwan tunawa, amma tana nan. Tun 1916 jiragen Birtaniya, na wani rukuni mai lamba 17, suka jefa bom kan mayaƙan Sarkin Darfur Ali Dinar suna janyewa daga Alfashir. Bayan yaƙin duniya, da kuɗi ya yi ƙaranci, shugabannin sojan sama suka shawo kan gwamnati da hujjar cewa jirage kaɗan za su tsare ƙasa da arha fiye da bataliyoyi. Da wannan hujja rundunar ta tsira daga rushewa. Na 47 ya koma Khartum da zama a 1927, kuma kafin shekarar ta fita jiragensa suna jefa bom kan garken shanun ƙabilar Nuwer a kudancin Sudan, da kan tudun ibadarsu. Mutanen da dukiyarsu da aurensu da abincinsu duk saniya ce. Wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi.

Shekarun Khartum ne suka ba rukunin tambarinsa. Kan wani tsuntsu ne ɗan'uwan gauraka, wanda ke hayayyafa a kudancin Rasha ya zo Sudan cin rani, kamar yadda lambar ta yi. Takensu da Latin yana nufin sunan Nilu alamar ƙarfinmu ne. Jiragen kuma suna ta sauyawa: Fairey IIIF, wanda sukan cire wa tayoyi su sa masa ƙafafun kwalekwale ya sauka a kan kogi, sai Gordon, sai Vincent. A 1939 aka ba su Wellesley, mai inji ɗaya da dogayen fuka-fuki. Irinsa ne ya tashi daga Isma'iliyya ta Masar zuwa Darwin ta Ostireliya a 1938 ba tare da sauka ba, mil 7,162. Jirgin nisa ne, ba na faɗa ba, kuma yaƙi bai jira an sauya shi ba.

Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ɓangaren Jamus ranar 10 ga Yuni 1940. Washegari Wellesley na 47 suka kai hari Asmara ta Eritiriya, wadda ke hannun Italiya a lokacin. Cikin Oktoba aka tura wasu Gadarif, garin da Hausawan Sudan suka sani sarai, don su kusanci iyakar Habasha. Da sassafe ranar 16 ga wata jiragen Italiya suka same su jere a ƙasa, suka ƙone Wellesley takwas da Vincent biyu. A wuri irin wannan asarar jirgi takwas ba ƙaramin abu ba ne, domin tambayar ita ce ta ina wasu za su zo.

Nan ne tafiyar 1925 ta biya kuɗinta. Faransa ta faɗi, Italiya ta tare tsakiyar Bahar Rum, jirgin ruwa daga Ingila zuwa Masar sai ya zagaye Afirka ta Kudu, tafiyar wata biyu ko fiye. Aka tuna da hanyar Coningham, wadda kamfanin Imperial Airways ya riga ya mayar ta fasinja da wasiƙu tsakanin Khartum da Kano tun 1936. Sai aka tsara haka: a kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙa su zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Aljunaina, Alfashir, Khartum, sannan a bi Nilu zuwa Masar. Kusan kilomita 6,000, kwana shida idan komai ya tafi daidai. Ayari na farko ya tashi a Satumban 1940.

Ayari na ce, kuma ayarin ne. Ƙananan jiragen faɗa irin Hurricane mutum ɗaya ke ciki, ba mai duba taswira. Sai a sa Blenheim mai inji biyu a gaba a matsayin madugu, shida su bi shi a baya da ƙarin tankunan mai. Wanda ya ɓace wa madugu cikin hazon hunturu tsakanin Kano da Maiduguri, ko a dogon zangon Chadi zuwa Darfur, sai dai addu'a. Rairayi yana cin inji, har jirgi yakan isa Masar sabo fil amma yana bukatar gyara kafin ya ga abokin gaba. Man da ake zuba musu a zangunan tsakiya da mota ake kai shi, wani wurin har da raƙuma. Filayen kuwa 'yan ƙasa ne suka share su, suka fasa dutse, suka ɗauki gwangwanayen mai a ka. Littattafan rukunai sun rubuta sunan kowane matuƙi, su waɗannan ba a ƙirga su ba.

Hanyar ta rataya ne a kan shawarar mutum ɗaya. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan Giyana ta Faransa, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agusta 1940. Nijar da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa suka zauna a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942, wato Damagaram da Kano suna ɓangarori biyu na yaƙin. Da Chadi ta bi sahun Nijar, da an yanke hanyar a tsakiya. Jamusawa sun san darajarta: a Janairun 1942 wani jirginsu guda ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bom a ma'ajiyar man Fort Lamy. Duk da haka, zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta.

Wa ke karɓar su a ɗaya bakin? Coningham. A 1941 aka ba shi jagorancin rundunar saman hamadar Masar da Libiya, wadda ta yi wa Rommel, kwamandan sojan Jamus, rufdugu a Alamein ta Masar a 1942. Mutumin da ya auna hanyar da jirage uku na katako shi ne ya ci moriyarta da dubbai. Ƙarshensa ma a jirgi ne: a Janairun 1948 jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace kusa da Bermuda, ba a ga ko tarkacensa ba.

Shi kuwa na 47, yaƙi ya sake masa sana'a. Aka ba shi jirgin Beaufort mai ɗaukar tofido, bom ɗin da ake saki ya yi gudu cikin ruwa ya fasa cikin jirgi. Aikin yana bukatar matuƙi ya sauko dab da teku ya miƙe sak zuwa bakin bindigogi, shi ya sa ake mutuwa sosai a cikinsa. Ranar 26 ga Oktoba 1942, ana tsakiyar gwabzawa a Alamein, su da wasu jiragen Afirka ta Kudu suka hallaka tankar mai Proserpina a bakin Tubruk, man da tankokin Rommel ke jira. Daga nan aka ba su jirgin Beaufighter, sai Indiya a 1944, sai ƙasar Bama, inda sojojinmu na Afirka ta Yamma ke fama a ƙasa. Tun a Indiya aka ba su Mosquito, jirgin katako mai gudun tsiya, wanda aka dakatar na ɗan lokaci da aka ga fuka-fukansa suna ɓaɓɓakewa a haɗinsu, suka koma Beaufighter kafin a gyara. Bayan Japan ta miƙa wuya aka tura su Jawa su yaƙi 'yan neman 'yancin Indunusiya. A 1946 aka rushe rukunin.

Cikin shekarar kuma aka sake ɗora lambar a kan wasu mutane, wannan karon masu dako. Rukunin da ya shekara talatin yana jefa bom ya koma ɗaukar kaya, kuma a haka ya ƙare rayuwarsa. Shi ya fara karɓar jirgin dako Hastings a 1948, ya shiga jigilar Berlin lokacin da Tarayyar Sobiyat ta rufe hanyoyin ƙasa, yawancin kayansa gawayin kwal. A 1956 shi ya fara karɓar wani ƙaton jirgi mai kama da rumbu, tayoyinsa ba sa naɗewa, mai sauka a kan turɓaya. Sunan jirgin Beverley, sunan garin da aka haifi rukunin shekara 40 baya.

Me ya sa ake wahalar adana lamba haka, alhali mutane da jirage da aikin duk sun sauya? Dalili na farko na aiki ne. Yaro ɗan shekara ashirin da za a ce ya tashi da dare cikin wuta yana bukatar abin da ya fi umarni, kuma labarin Mitchell a kan fiffike yana yin wannan aiki da arha. Na biyu na lissafi ne. Tun 1943 ake ba rukunin da ya cika shekara 25 tuta daga hannun sarauta, a rubuta yaƙoƙinsa a jiki, kuma idan an zo rage runduna akan duba tsufan lamba kafin a yanke wadda za ta rayu. Sai dai gadon yana da zaɓe. Ana ɗinka sunayen yaƙoƙin da ake alfahari da su a tuta. Shanun Nuwer ba su samu wuri ba.

A 1968 aka ba su Hercules, C-130 ƙirar Amurka, irin wanda sojan saman Najeriya ma ke da shi tun shekarun 1970. Shekara 55 suka yi da shi, rabin rayuwar rukunin. Dalilin daɗewar a fili yake: inji huɗu masu farfela, fuka-fuki a sama nesa da tsakuwa, ƙofar baya da mota ke shiga, kuma yana sauka a gajeren filin da ba kwalta. Da shi suka yi yaƙin Falklan a 1982, suka jefa buhunan hatsi a tsaunukan Habasha lokacin yunwar 1984 zuwa 1985, suka yi jigilar Sarayebo. Wani sashe nasu ya ƙware wajen kai sojojin ƙundumbala da dare ba fitila. Ranar 30 ga Janairu 2005 aka harbo ɗaya daga jiragensu a arewa da Bagadaza, mutum goma suka mutu. Bincike ya nuna tankunan fiffiken ba su da kumfar hana fashewa da jiragen Amurka irinsa ke da ita, kuma sai bayan mutuwar aka sa.

Gwamnati ta yanke shawarar cewa a 2023 za a ajiye Hercules, a bar aikin ga A400M ƙirar Turai, wanda ya fi shi girma da nisa. An yi gardama a majalisa kan ko sabon zai iya duk abin da tsohon ke yi. Ana cikin shirin sallama yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu. Makonnin da ɗalibanmu ke cikin motocin bas zuwa iyakar Masar, inda daga baya C-130 na sojan Najeriya ya kwaso wasu daga Aswan, jiragen rukuni na 47 suna sauka a Wadi Sayyidna, arewa da Omdurman, suna kwashe mutane zuwa Kubrus. Filin yana bakin Nilu, kogin da ke rubuce a tambarinsu. Ranar 14 ga Yuni jirage uku suka zagaya sararin Birtaniya na ban kwana, ƙarshen watan aka ajiye su, daga baya aka naɗe tutar aka kai ta kwalejin sojan sama da ke Cranwell, inda ake ajiye tutocin rukunan da ba su da jirgi.